Shiru a Saman Kasuwa

Shekara goma sha tara ina gyaran janareta
a layin maɗinka na Ƙofar Wambai.
A nan kunnena na hagu ya tafi.
Farcena bai taɓa yin fari ba, ko ran sallah.
Uwar 'ya'yana kan ce
in na sa hannu a tuwo, sai miya ta ɗauki warin fetur.

Yanzu tsani nake hawa bayan asuba,
da bokiti, da tsumma a bakin sanda.
Faifai saba'in da biyu a kan rufin kwano,
baƙi mai shuɗi-shuɗi, kamar turkuɗin da ya sha bugu,
duk sun ɗan sunkuya kudu.
Sun yi sahu, ba liman.

Ranar farko na tambayi Injiniya Kubura:
Ina injin? Ina fulogi? Me ke juyawa?
Ta yi dariya har hular kwanonta ta zame.
Ta ce, Malam Tanimu, ba abin da ke juyawa.
Yashi ne aka narka, aka tace,
aka yanka falle-falle, silikon sunansa.
Ɓari biyu ne manne da juna:
ɗaya ƙwayoyin lantarki sun yi masa yawa,
ɗaya guraben zama gare shi, ba mazauna.
Haske na sauka sai ya zunguri ƙwaya,
ta tashi daga inda take.
Iyakar tsakaninsu kuwa ƙofa ce mai buɗewa gefe guda.
Ba komawa da baya.
Dole ta bi waya, ta yi aiki a hanya,
kafin ta zago gida.

Na ce, ashe da bazara mu ke da wuta.
Ta ce, haske yake ci, ba zafi ba.
Zafi ma kasala yake sa shi,
kamar ni da kai.

A ƙasa akwai ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe.
Wutar da ke saukowa miƙe take tafiya, kamar ruwan indararo.
Inbata ke koya mata kai-komo,
sau hamsin cikin daƙiƙa,
irin tafiyar da firji da fanka suka saba da ita.
Rarar ta shiga batir,
rumbun da muke ɗiba bayan magariba.
Kontirola na tsaye da mudu a hannu,
in ya cika ta ce, ya isa.

Sauran ni na koya da kaina.
Kashin tantabara ɗaya tak
kan rage ƙarfin layi guda,
kamar an taka tiyo ana tsakar ban-ruwa.
Cikin Agusta, hadari ya yi kwana uku bai gusa ba,
lambar allo ta faɗo daga ashirin zuwa huɗu,
ƙanƙarar Talatu mai zoɓo ta koma ruwa,
Sabi'u tela ya biyo ni da katin mitarsa
sai ka ce ni na gayyato girgije.

Janareta ɗaya muka bari, ƙarƙashin tamfol.
Duk Asabar nakan tashe shi minti goma
don kada ya manta tarinsa.
Nakan ɗan ji tausayinsa. Ban gaya wa kowa ba.

Da kunnen da ya rage mini
yanzu ina jin almakashi yana cin shadda,
ina jin wata mata tana cewa a rage mata ɗari biyu,
ina jin ladanin wata unguwa
da ban san muryarsa na kawowa nan ba.

Da tsakar rana nakan ɗora tafina a kan faifai.
Ɗumi kawai. Ba karkarwa, ba hayaƙi.
A ƙarƙashina keke arba'in na gudu.
Kubura ta ce in daina,
amma har yau nakan sunkuya in kasa kunne.